Layi na Goma Sha Bakwai

Litinin ce. Fanka na juya zafin Damagaram,
ni kuma ina jiran alƙaluman sati.
Mirriya ta aiko. Matamai ta aiko tun da hantsi.
Magariya ta aiko rabi, rabin na hanya.
Sai layi na goma sha bakwai,
Rijiyar Kanta,
sati uku ke nan fari fat.

Sabon yaron ofis ya ce, "A sa sifili mana."
Na ce, kul, Ɗanjimma.
Sifili magana ce: wani ya buɗe kaye,
ya duba, ya ce babu.
Gurbi kuwa shiru ne,
kuma shirun mai barci daban, na mai suma daban.
Ko rezo ne ya ɗauke,
ko babur ya kafe a rairayi,
ko majo ce ba ta sami zama ba
don masu sanƙarau sun cika mata rumfa.

Kakata Barira ba ta hawa rumbu don ta ƙirga dami.
Cikinsa take bugu da bayan hannu,
ta kara kunne,
ta ce, "Zai kai mu shuka. Kaka kam, sai an rage tuwon dare."
Shekara biyar na yi a lakwal ina koyon wannan,
sai dai nawa rumbun da lissafi ake buga shi.

Na ari wuta a maƙwabta:
ƙauyen gabas mutum tara, na arewa sha ɗaya,
kasuwarsu ɗaya ranar Laraba, rijiyarsu ɗaya.
Na jawo bara, na jawo bara waccan.
Na tambayi zafi, na tambayi yawan yaran da allura ta tsallake.
Na'ura ta yi ta zato sau dubu goma,
kamar mai bin sawun akuya
da ya ɓace a kan duwatsun Birni,
yana kewaya dutsen, yana neman inda ƙasa ta sake karɓarsa.

Ta ce: tsakanin bakwai da arba'in.

Shugaba ya cire tabarau. "Madam Tsahara,
tsakanin bakwai da arba'in ai raƙumi zai kwanta.
Lamba ɗaya nake so. Mota ɗaya gare ni,
man da ke cikinta na tafiya ɗaya ne."
Na ce, ranka ya daɗe, faɗin nan shi ne gaskiyata.
In na matse shi, ƙarya na matso.
Amma ko bakwai ɗin ya haye ƙa'ida.
Ya daɗe yana kallon taswira.
Ya sa hannu.

Alhamis da la'asar direba ya dawo
da takarda a leda, ta sha gumi.
Rubutun majo ya karkace kamar ta yi shi a tsaye:
ashirin da shida.
Yana cikin tazarata.
Ɗanjimma ya tafa, ya ce lissafi ya ci.
Ban amsa ba.

A bayan takardar ta ƙara da jan biro:
"Waɗannan su ne suka iso.
Mai alawayyo na kasuwa ya ce
ƙananan yanka ya fi sayarwa watan nan."

Ina zan sa wannan?
Babu layin mai alawayyo a jadawalina,
babu gurbin wanda amalanke ta juya da shi a rabin hanya.

Aka ɗauke wuta. Na'ura ta yi ƙara ta mutu.
Na kunna fitilar salula,
na ja sabon layi a ƙasan kaye da bakin rula,
ban ba shi suna ba tukuna.
Layi na talatin da ɗaya ma bai aiko ba.